Argun: 'Yar'uwar Goruba da Aka Fara Gani a Kabarin Fir'auna

Duk Bahaushen da ya tashi a ƙasar Sudan ya san goruba. Mun gaigayi ɓawonta muna yara, iyayenmu mata sun saƙa tabarma da faifai da kabarta, kakanninmu kuma da suka biyo hanyar Hajji daga yamma sun tarar da ita a nan kamar yadda suka baro ta a gida. Amma kaɗan daga cikinmu ne suka san cewa goruba tana da 'yar'uwa a hamadar Nuba, tsakanin arewacin Sudan da kudancin Masar, wadda Larabawan wurin ke kira argun. Babu inda take tsirowa da kanta a duniya sai can.

Wanda ya hango ta daga nesa zai ce goruba ce, sai ya matso ya ga bambanci. Goruba takan rabu biyu, kowane reshe ya sake rabuwa. Argun kuwa gangar jiki ɗaya take miƙewa kamar giginya, har ta kai kamu goma na mita. Hannun ganyenta rawaya ne, ba shi da ƙayoyin nan masu yankar mai yankan kaba. 'Ya'yanta baƙaƙe ne masu ɗaukar shuni, namansu siriri, mai ɗaci. Akwai namiji akwai mace, saboda haka bishiya guda ita kaɗai a kwari ba ta isa ta bar zuriya ba.

Abin mamaki a tarihinta shi ne masana sun san 'ya'yanta kafin su san ita kanta. Mutanen Masar na dā suna ajiye wa matattunsu abinci da tsaraba a kabari, kuma cikin abin da suke ajiyewa har da 'ya'yan argun, tun kimanin shekara 2500 kafin haihuwar Annabi Isa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. An same su har a kabarin Tutankhamun da aka buɗe a 1922. Wani babban magini na fadar Fir'auna Tutmos na Ɗaya, mai suna Ineni, ya sa an rubuta lissafin itatuwan lambunsa a bangon kabarinsa kusa da Luksor: dabino 170, goruba 120, argun kuwa ɗaya tak. A ganinmu wannan lissafi ya fi dogon bayani, domin ya nuna ko a wancan zamani argun baƙuwa ce a bakin Nilu, abar alfaharin mai hali, daga hamada ake kawo ta.

A 1826 wani Bajamushe masanin tsirrai, Kunth, ya duba 'ya'yan da wani Ba'italiye mai haƙar kayan tarihi, Passalacqua, ya kwaso daga kaburbura, ya raɗa musu suna bisa zaton dangin wata bishiyar Asiya ce. Sai a 1837 wani ɗan sarautar Jamus, Yarima Paul na Württemberg, ya ci karo da ita a raye a hamadar Sudan. Ababda da Bishariyin da ke kiwon raƙuma a wurin ba su taɓa ɓatar da ita ba, balle a ce an gano musu ita. Da kabarta suke tufka igiya da dabaibayin raƙumi, suna saƙa tabarma.

Daga nan labarinta ya ɗaure da labarin hanya. Kogin Nilu yana yin wani babban lanƙwaso a ƙasar Nuba, don haka ayarin fatake kan yanke ta hamada daga Korosko zuwa Abu Hamad, su sha ruwa a rijiyoyin Murrat, masu ɗaci kamar yadda sunan ya nuna. Kwaruruwan argun suna kan wannan hanya. Kowane ayari yana bukatar igiya da shimfiɗa, aka yi ta saran kaba, musamman ta ƙananan da hannu ke kai wa. A 1897 sojojin Kitchener suka shimfiɗa layin dogo daga Wadi Halfa zuwa Abu Hamad, hanyar ayari ta mutu. Bishiyar ta sami sauƙin wuƙa, amma ta rasa masu kawo labarinta, har masana a Turai suka fara lissafa ta cikin abin da ya shuɗe. (Korosko ɗin ma yau tana ƙarƙashin ruwan madatsar Aswan.)

A watan Nuwamba na 1963 Loutfy Boulos da Vivi Täckholm da Mahmoud Zahran suka isa dausayin Dungul a kudancin Masar, inda ba kowa ke zaune ba, suka tarar da uwa guda doguwa da 'yan ƙanana a gindinta. Uwar ta mutu daga baya, 'ya'yanta suka gaje ta. A ɓangaren Sudan sai a 1995 Martin Gibbons da Tobias Spanner suka sake ganin ta kusa da Murrat. A 1998 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ta a sahun tsirran da ke bakin ƙarewa.

Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa a kwaruruwan Sudan tana da yawa fiye da yadda aka zata, kuma wannan abin godiya ne. Sai dai hamadar da ta ɓoye ta shekara ɗari ta cika da mutane. Tun wajen 2010 haƙar zinariya ta ja dubban matasa zuwa arewa, har da 'ya'yanmu, kuma zinariyar tana cikin kwaruruwan da argun ke tsirowa, inda Fir'aunoni ma suka haƙi tasu. Motocin tona ƙasa suna kwashe gindin kwari, inda ɗan ruwan da saiwarta ke sha yake kwance, ma'aikata kuma suna yanke ganye don rumfa da makamashi. Ruwan sama a can yakan yi shekaru bai sauka ba, kuma ƙodagon da ya faɗi yana jiran wannan ruwa ne kafin ya tsira. Idan ruwan ya zo ya tarar an tone kwarin, an rasa tsiron wannan zagaye gaba ɗaya, sai a jira wani bayan shekaru.