Ɗakin Gwaji a Tafin Hannu

A farkon watan Mayun 2020 sunan garin Kwadon na jihar Gombe ya karaɗe kafafen labarai. Masu korona da aka killace a cibiyar da ke garin sun fito sun tare titin Gombe zuwa Biu, suna kukan rashin kulawa. Da damansu ba tari ba zazzaɓi. Takardar gwaji ce ta kai su can, ita ce kuma za ta sallame su. A lokacin kuwa ɗakunan gwajin korona a Najeriya ba su taka kara sun karya ba. Samfuri sai ya sha doguwar tafiya a mota, mai shi yana zaman jira.

Na'urar da ta taimaka wajen rage irin wannan jira ta riga korona shigowa ƙasar, sai dai don tarin fuka aka kawo ta.

Asalinta da nisa. A 1979 masana a Jami'ar Stanford ta Amurka suka sassaƙa na'urar tantance iskar gas a kan faifan silikon. A 1990 Andreas Manz na Suwizalan ya kawo shawarar a dunƙule duk aikin ɗakin gwaji cikin 'yan hanyoyin ruwa masu sirantakar gashin kai. Kamfanin Cepheid na Kalifoniya, wanda aka kafa a 1996, ya bi wannan turba har ya ƙera GeneXpert. A Disambar 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita wajen gano tarin fuka, a 2016 kuma Najeriya ta mai da ita gwajin farko ga duk wanda ake zargin yana da cutar.

Kafin nan madubin likita ake dogaro da shi, shi kuwa yakan tsallake kusan rabin masu ɗauke da cutar. Rainon ƙwayar a ɗakin gwaji sai an yi makonni. Yanzu ma'aikaci zai gauraya kakin majiyyaci da ruwan magani, ya dakata minti 15, ya ɗiga cikin wani ɗan akwatin roba da bai cika tafin hannu ba, ya rufe, ya tura cikin na'ura. Sauran aikin a ciki yake: ruwan ya bi ɗaki-ɗaki, a fasa ƙwayar cutar, a ruɓanya ƙwayar halittarta har ta ganu. Kafin awa 2 sakamako ya fito, har da bayanin ko cutar ta bijire wa maganin rifamfisin. A ganina wannan bayani na biyu ya fi komai daraja, domin shi ke hana a yi wa mutum watanni ana ba shi maganin da ba ya ci.

Da korona ta matsa a 2020, hukumar daƙile cututtuka ta Najeriya, NCDC, ta karkatar da wasu daga cikin waɗannan na'urori zuwa gwajinta, aka sauya musu akwatin gwaji.

Amma GeneXpert 'yar gata ce: tana son wutar da ba ta yankewa da ɗaki mai sanyi. Duk wanda ya san zafin Gombe a watan Afrilu ya san ba ƙaramin sharaɗi ba ne. Shi ya sa Truenat ta kamfanin Molbio na Indiya, wadda hukumar ta duniya ta amince da ita a 2020, ta samu karɓuwa a ƙananan asibitoci. Da batir take aiki, tana jure zafi har digiri 40, gwajin kuma a kan wani ɗan guntun allo ake yin sa, wanda bai kai tsawon yatsa ba.