Zuciyar kwaɗo: famfo guda, jini iri biyu

Zuciyar mutum ɗaki huɗu gare ta, ta kwaɗo kuwa uku: biyu a sama masu karɓar jini, guda a ƙasa mai tura shi. Na dama a sama yana karɓar jinin da ya gama zagaya jiki, wanda oksijin ɗinsa ya ragu. Na hagu yana karɓar wanda ya fito daga huhu. Duka biyun cikin ɗakin ƙasa suke zubawa, kuma babu bangon da ya raba shi.

Duk da haka jinin ba ya cakuɗewa sosai. Cikin ɗakin ƙasa kamar soso yake, cike da ƙananan lunguna, kowane jini yana tsayawa gefen da ya shigo. A mafitar kuma akwai wani murɗaɗɗen tantani mai raba hanya: jini mai oksijin ya nufi kai da sauran jiki, wanda ya rasa ya nufi huhu da fata.

Wannan tsari ya dace da rayuwar kwaɗo, don yana numfashi ta fata. In ya nutse cikin tabki, huhu ba shi da aiki, sai jinin da ke zuwa can ya ragu. A jikin mutum kuwa dole duk jini ya bi ta huhu.

Darasin da injiniyoyi za su ɗauka shi ne, siffar bututu kaɗai tana iya sarrafa tafiyar ruwa. Na'urar da sassanta masu motsi ba su da yawa ba ta saurin lalacewa. Duk mai injin ban ruwa ya san haka, kuma abin ya fi muhimmanci ga famfon da za a dasa cikin ƙirjin marar lafiya.

Akwai kuma darasin bugu. Zuciyar kwaɗo tana ci gaba da bugawa ko an cire ta daga jiki. A 1852 Bajamushe Hermann Stannius ya ɗaure sassanta da zare, ya nuna daga wuri guda bugun yake tasowa. Irin wannan sani ne ya share fagen na'urar daidaita bugun zuciya. A 1958 aka fara dasa ta cikin jikin mutum a Suwidin, wadda injiniya Rune Elmqvist ya ƙera.