Sinadaran hanji da rawar da suke takawa wajen maganin ciwon sukari da ƙiba

Hanji ba hanyar wucewar abinci kaɗai ba ne. A jikin bangonsa akwai ƙwayoyin halitta da ke fitar da sinadarai masu kai saƙo, waɗanda likitoci ke kira homon. Suna bi ta jini su sanar da sauran gaɓoɓi cewa abinci ya iso. An fara gano irinsu a shekarar 1902 a birnin Landan, lokacin da William Bayliss da Ernest Starling suka gano sinadarin sekretin.

Wani abin mamaki da masana suka tabbatar a 1964 shi ne ya buɗe ƙofar magungunan da ake yayi yanzu. Idan mutum ya sha sukari ta baki, jikinsa kan fitar da insulin fiye da idan an zuba masa sukarin ta jijiya, ko da yawan sukarin da ke jini daidai yake. Wato hanji na aika wa fankiriyas, gaɓar da ke bayan tumbi mai samar da insulin, saƙon ta shirya. Sinadarai biyu ne ke ɗauke da wannan saƙo: GIP daga farkon ƙaramin hanji, da GLP-1 daga ƙarshensa da kuma babban hanji.

GLP-1 ne ya fi jan hankalin masu bincike, waɗanda suka fayyace shi a shekarun 1980 a Boston ta Amurka da Kofinhagin ta Danmak. Yana sa a fitar da insulin, amma sai sukarin jini ya hau, don haka shi kaɗai ba ya cika faɗar da sukari ƙasa yadda wasu magunguna ke yi. Yana rage gulukagon, sinadarin da ke sa hanta ta zuba sukari cikin jini. Yana kuma jinkirta saukar abinci daga tumbi, sannan ya shaida wa ƙwaƙwalwa cewa an ƙoshi.

Cikas ɗin shi ne gajeren ransa. Cikin kamar minti 2 wani sinadari mai suna DPP-4 kan lalata rabinsa, ta yadda ba zai yi amfani a matsayin magani ba. Mafita ta fito daga inda ba a zata ba: miyau na wani ƙadangare mai dafi da ke hamadar kudu maso yammacin Amurka. A 1992 Dokta John Eng ya ba da rahoton wani sinadari a dafinsa mai kama da GLP-1 wanda ya fi daɗewa a jini. Daga shi aka samar da allurar exenatide, wadda Amurka ta amince da ita a 2005. A 2006 aka biyo wata hanyar da ƙwayar sitagliptin, mai hana DPP-4 aikinsa.

Daga nan aka ci gaba da tsawaita ran maganin har aka kai ga allura ɗaya a mako. Semaglutide na kamfanin Novo Nordisk ya fito da sunan Ozempic don ciwon sukari a 2017, da sunan Wegovy don ƙiba a 2021. A gwajin da aka wallafa a wannan shekarar, masu ƙiba sun rage kusan kashi 15 cikin 100 na nauyinsu a makonni 68. Wani gwajin na 2023 ya nuna ragin kashi 20 cikin 100 na haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da mutuwa ta dalilinsu ga masu ƙiba da ke da ciwon zuciya. Tirzepatide na kamfanin Eli Lilly, da ya fito a 2022, yana kwaikwayon GIP da GLP-1 a lokaci guda.

Sai dai maganin aro ne na saƙon ƙoshi, ba ya sauya halittar jiki. Waɗanda suka daina shi a gwajin sun maido da kusan biyu bisa uku na nauyin da suka zubar cikin shekara guda. Tashin zuciya, amai, gudawa ko taurin bayan gida sun zama ruwan dare a farkon amfani, kuma akan samu tsakuwar matsarmama, wani lokaci da kumburin fankiriyas. Ba a ba mai juna biyu, kuma ba ya maye gurbin insulin ga masu ciwon sukari nau'i na ɗaya.

A Najeriya, tsadar alluran da buƙatar ajiye su a firji, ga halin da wutar lantarki ke ciki, sun sa metformin ne har yanzu aka fi dogara da shi ga masu nau'i na biyu. Rububin neman su don ramewa ya kuma jawo na jabu: a watan Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan semaglutide na jabu da aka kama a Birazil da Birtaniya da Amurka.