Isyaku Jatau da Zuriyarsa: Gidan Sarautar Zazzau a Ƙasar Gwari

Tsakure

Maƙalar ta bi rayuwar Sarkin Zazzau Isyaku Jatau, wanda ya hau gado a 1782, da salsalar 'ya'yansa uku da jikokinsu a Abuja ta da, wato Suleja. Hujjarta ita ce abin da zuriyar ta tsira da shi daga Zariya tsarin sarauta ne, ƙasar da aka ɗora shi a kai kuwa ta Gwari da Koro ce.

Jatau da matsalar shekaru

Jerin sarakunan Zazzau ya ba Jatau shekara ashirin, daga 1782 zuwa 1802, sannan ɗansa Muhammadu Makau ya gaje shi, aka kore shi daga Zariya a 1804. A kan wannan lissafi littafin tarihin Abuja na Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi ya tsaya. Sai dai akwai tangarɗa. Muhammadu Bello ya nuna a Infaƙul Maisuri cewa Sarkin Zazzau ya amsa kiran Shehu Usmanu, bayan rasuwarsa ne magajinsa ya juya baya. Wasiƙun Shehu zuwa ga sarakunan Hausa kuwa sun biyo bayan hijirar 1804. Ke nan Jatau ya ga farkon jihadi da idonsa. Shi ya sa masanan da suka biyo baya suka matsar da rasuwarsa zuwa wajen 1806, faɗuwar Zariya a hannun Malam Musa, jagoran masu jihadi, kuma zuwa 1808. Wannan ra'ayi ya fi gamsar da ni, domin Bello a zamanin ya rayu, jerin sarakuna kuwa daga baya aka rubuta shi daga bakin dattawa.

Bambancin ba na lissafi kaɗai ba ne. Idan Jatau ya karɓi kiran Shehu, to rigimar da ta raba gidansa da Zariya ta taso ne daga sauyin siyasa tsakanin uba da ɗa.

'Ya'ya uku, gidaje biyu

Makau ya yi kudu da jama'arsa, ya sauka a Zuba cikin Koro, ya ci gaba da yaƙi har aka kashe shi a wajen Lapai a 1825. Ƙanensa Abubakar, wanda aka fi sani da Abu Ja, ya karɓi ragama, ya kafa garin Abuja a 1828, ya yi mulki zuwa 1851. Sai ɗan'uwansu Abu Kwaka, Dogon Sarki, daga 1851 zuwa 1877.

Daga nan sarauta ta riƙa zagayawa tsakanin gidan Abu Ja da na Abu Kwaka. Ibrahim ɗan Abu Ja ya yi mulki daga 1877 zuwa 1902, shekarar da Turawa suka shiga garin. Muhammadu Gani ɗan Abu Kwaka ya biyo baya zuwa 1917, sai Musa Angulu ɗan Ibrahim zuwa 1944, sai Sulaimanu Barau ɗan Gani zuwa 1979. A zamanin Barau ne aka ba sabon babban birnin tarayya sunan Abuja, tsohon garin ya koma Suleja. Abin lura shi ne Makau, wanda ya ja tafiyar, bai bar gidan da ke karɓar gado ba.

Ƙasa da masu ita

M. G. Smith, a littafinsa na 1960 kan mulkin Zazzau, ya ɗauki fadar Abuja a matsayin madubin Zariya ta kafin jihadi. A fadar akwai Madawaki shugaban mayaƙa, da Galadima da Wambai da Dallatu, da sarautun mata irin su Iya da Sarauniya. Garuruwa suna rataye ne a wuyan sarauta: wanda aka naɗa ya ci amfaninsu, ranar da aka tuɓe rawani su koma ga magajin kujerar. Nan tsarin ya sha bamban da na masu filaye a Ingila ko Sikotilan na ƙarni na 18, inda babban ɗa ke gadon gona da laƙabi a haɗe. Zuriyar Jatau ba gonaki ta gada ba, haƙƙin karɓar haraji ta gada, ga kuma sunan Sarkin Zazzau da har yau Sarkin Suleja ke amsawa.

Masu biyan harajin su ne aka fi mantawa da su a rubuce-rubuce, kuma wannan giɓi yana damuna. Laƙabin da aka yi wa Sarki Ibrahim, Dodon Gwari, ya isa shaida kan yadda zaman ya kasance. Gwarin da ke arewa maso yamma, yankin Kuta da Gwada a Ƙaramar Hukumar Shiroro ta yau, sun sami kansu tsakanin wuta biyu a rabin ƙarshe na ƙarni na 19: Abuja ta wannan gefe, ta ɗaya gefen kuma hare-haren Umaru Nagwamatse, jikan Shehu da ya kafa Kontagora, da ɗansa Ibrahim. Yau Gwada tana ƙarƙashin Masarautar Minna. Labarin da dattawanta ke riƙe da shi kan waɗancan shekaru ya cancanci a ɗauke shi da rikoda, a ajiye shi kusa da na fada, kafin masu shi su ƙare.