Da wane harshe za a yi fim ɗin kafuwar Arlit?

Finafinan kaboyi na Amurka sun saba mana da labari ɗaya: fili fetal babu kowa, sai baƙo ya zo da keken doki ya kafa gari. Tun a 1966 Moustapha Alassane ya yi wa wannan salo shaƙiyanci a "Le retour d'un aventurier", inda samarin ƙauye suka sa hulunan kaboyi suka hana mutane sakat. To amma tarkon na nan yana jiran duk wanda zai yi fim a kan farkon Arlit.

An kafa kamfanin Somaïr a 1968, garin ya tsiro a 1969, aka fara fitar da uraniyom a 1971. Cominak ta biyo baya a 1974, da garinta Akokan. Wurin kuwa ba kango ba ne: makiyayar Abzinawa ce, kuma farin 1973 zuwa 1974 ya kore da yawansu zuwa bakin gari neman aikin lebura.

Yanzu a ce ɗan fim ya samo Land Rover ta zamanin, da hular kwano, da wando buje. Wannan duk kuɗi ne ke saye. Abin da ke tona asiri shi ne baki. Injiniya Bafaranshe yana ba da umarni da Faransanci, shef Bazabarme ya juya shi zuwa Hausa, lebura Ba'abzine ya karɓa da Hausar da ya koya a kasuwa, ya koma gida ya yi Tamajek. Harshen da mutum ke yi shi ke nuna inda yake kwana: ko gidan kamfani mai ruwa da lantarki, ko unguwar da sunanta ma ya faɗi komai, Bukoki. In fim ya sa su duka suna zuba Hausar Kano tsantsa, babu "shantiye" babu "kartiye", wallahi ya share rabin tarihin, don ya mai da su duka ɗaya.

An taɓa yin irin haka. "Sarraounia" na Med Hondo, wanda ya ci babbar kyautar Fespaco a 1987, labarin Lugu ne na 1899, amma a Burkina Faso aka ɗauke shi, kuma sarauniyar Azna ba Hausa take yi a ciki ba. Fim ne mai kyau, ban musa ba, sai dai kunnen ɗan Arewa ba ya yarda da shi.

Shi ya sa na fi gaskata "Arlit, deuxième Paris" na Idrissou Mora-Kpaï (2005) da "La colère dans le vent" na Amina Weira (2016), 'yar tsohon ma'aikacin ma'adinin. Babu ɗan wasa a cikinsu, mutanen garin ne ke magana da bakinsu. An rufe Cominak ranar 31 ga Maris 2021, waɗanda suka ga shekarun farko kuma sun haura saba'in. Rakodar waya ma ta isa a fara ɗaukar muryarsu.