Sani Kaita

Sani Haruna Kaita tsohon ɗan wasan ƙwallon ƙafa ne na Najeriya, wanda aka haifa a Kano ranar 2 ga Mayu, 1986. Ɗan wasan tsakiya ne mai taimaka wa 'yan baya.

Ya fara yin suna a ƙungiyar Kano Pillars. A 2005 yana cikin tawagar Najeriya ta 'yan ƙasa da shekara 20 da ta zo ta biyu a gasar duniya a Holan, daga nan Sparta Rotterdam ta ɗauke shi. Ya samu lambar azurfa a wasannin Olamfik na Beijin a 2008, sannan ya koma Monaco mai buga gasar Faransa. Monaco ta ba da aronsa ga ƙungiyoyin Rasha, ciki har da Kuban da Lokomotiv Mosko.

A gasar cin kofin duniya ta 2010 a Afirka ta Kudu, an ba shi jan kati a wasa da Girka, Najeriya tana gaba da ci 1. An tashi Girka 2, Najeriya 1.