Daga Keso Zuwa Jika: Tarihin Ƙidayar Manyan Lambobi

Kowace al'umma da inda take ɗaure lissafinta. Baturen Ingila yana ƙidaya dubu-dubu, mutumin Japan kuwa a dubu goma yake ɗaurewa, abin da suke kira "man". Saboda haka miliyan ɗaya a bakinsa "man ɗari" ce, kuma nan ne tafinta kan yi tuntuɓe.

Hausawa ma sun daɗe da sanin wannan wahala. A zamanin wuri, keso guda zambar ashirin ne, wato 20,000. Heinrich Barth, wanda ya ratsa Fezzan ta Murzuk a 1850, ya iso Kano a 1851, ya tarar ana canza dalar azurfa a kan wuri 2,500. Ke nan keso ɗaya dala takwas ne. Cuɗanya da Larabci kuma ta kawo ashirin, metan da hamsaminya, har irin su "gomiya biyu" suka ja da baya.

Har yau a Maraɗi dala ɗaya sefa biyar ce, jika kuwa sefa dubu, wato dala metan. Ɗan Nijar da ke aika kuɗi gida daga unguwar Mahdiya a Sabha, in ya ce "dala ɗari", sefa 500 yake nufi. Wanda ya rubuta masa 100 ya tauye wa iyalinsa kashi huɗu cikin biyar.